Na Kai Jikokina Ganin Shamuwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da jikokina biyu, a cikin tsohuwar motata wadda sai an lallashe ta take tashi. An kwana ana ruwa, kwalta sai sheƙi take yi, gari tsit in ban da masu shayi da ke fifita wuta. Babbar, mace ce 'yar shekara goma, ta zauna a gaba ta harɗe hannu tana kumbure-kumbure don an tashe ta daga barci. Ƙaramin kuwa, namiji da bai wuce bakwai ba, tun kafin mu fita daga unguwa ya koma barcinsa a kujerar baya da takalmi a ƙafa ɗaya.

Masu bin rubutuna sun san na daɗe ban je ko'ina ba. Tun rasuwar matata Hajiya, tafiyata ba ta wuce masallaci da kasuwa da asibiti. To ga abin da ya fito da ni. 'Yata da mijinta za su ƙaura zuwa wata ƙasa mai nisa inda ya sami aiki, irin nisan da sai an sauya jirgi a hanya. Sun tafi Abuja ƙarasa takardu, suka bar mini yaran na 'yan kwanaki. Da sun dawo sai tafiya. Ba wanda ya gaya mini yaushe zan sake ganinsu, ni ma ban tambaya ba, don na san ba su da amsa.

Kwanakin farko mun yi su kamar mutanen da suka haɗu a tasha. Kowannensu da waya a hannu, ni kuma ina gefe ina kallonsu ina neman abin cewa. Rannan ƙaramin ya miƙo mini wayar yana nuna mini dabbobin wasu ƙasashe, sannan ya tambaye ni da gaske, wai mu a nan ba mu da komai ne sai akuya. Abin ya ba ni dariya, ya kuma sosa mini rai. Na ba su labarin shamuwa, tsuntsuwar da take zuwa da ruwan farko ta yi sheƙa a kan tsamiyar gidan da aka haife ni, a wani ɗan ƙauye bayan Getso. Babbar ta ce in nemo musu a waya kawai. Na ce a'a, zuwa za mu yi. Abu ɗaya nake so, kafin su hau jirgi su ga shamuwa da idonsu, ya zama ni na nuna musu. Tsoro nake ji kada in zama wani tsoho da ake miƙa musu a waya ranar Sallah a ce ku gaida Kaka, su gaishe ni idonsu na kan wani abin. Sai na buga wa ƙanena, ɗan baffana wanda yake riƙe da gidan, na ce ina nan tafe da jikoki su ga tsuntsaye da namun daji. Ya ce, "An gama, Yaya, kada ka ji komai."

Hanyar Gwarzo a damina ta fi a bi ta da safe. Da ka wuce Rimin Gado sai ƙasa ta buɗe, kore ko'ina, gero ya fitar da kai, dawa na biye da shi, wake ya shimfiɗu a tsakanin kunyoyi. Akwai wuraren da ruwa ya ci bakin kwalta, ga ramuka cike da ruwa waɗanda ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Motata ta faɗa ɗaya ta yi wata ƙara, ƙaramin ya farka yana tambaya ko mun iso. Na nuna musu balbelu fari fat suna bin wani garken shanu, na ce ga na farko. Babbar ta ɗago ido ta ce ta gani, ta mayar da kai ƙasa. Ni da na ɗauko murya irin ta mai gabatar da babban baƙo, sai na haɗiye sauran bayanin.

A Kabo muka karya kumallo da koko da ƙosai a wajen wata dattijuwa da ke suya a ƙarƙashin rumfar kwano. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka tausaya masa, kuɗinsa kuma ya girma, amma da zafinsa yake kuma ta sa yaji mai kyau. Ta tambaye ni ko 'ya'yana ne, na ce ai wannan amaryata ce, wancan kuma abokin takarata. Dattijuwar ta yi dariya ta ƙara musu ƙosai. Babbar ba ta san wasan kaka da jika sosai ba, ta dube ni kamar na yi saɓo.

Daga Kabo na ratse na nufi wajen Dugabau, don na san wata fadama a can. Yankin su Hajiya ne. Ban shiga garin ba. Waɗanda zan gaisar yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma da sun gan ni ita za su tuna, su yi ta jajanta mini a gaban yara. Na ajiye motar a gindin wata ɗorawa, muka bi wata siririyar hanya tsakanin gonakin shinkafa, raɓa na jiƙa mana ƙafar wando.

A bakin ruwan na shimfiɗa buhu na ce su zauna. Na gaya musu yadda aka koya mana muna yara, cewa in kana son ganin abin daji ka nemi wuri ka zauna, ka rufe bakinka, kada ka nuna da hannu, ka bar idonka ya yi yawo har ya tsinci abin da ya motsa alhali ba iska ce ta motsa shi ba. Ƙaramin ya yi shiru na ɗan lokacin da ake haɗiyar yawu, sannan ya ce ba komai a nan. Amma da muka ɗan jima wurin ya manta da mu. Tsuntsayen marai suka dawo kan wata bagaruwa da ta sunkuya bisa ruwa, sheƙunansu na reto, namiji ya rataye kai ƙasa yana kaɗa fukafukai yana surutu don mace ta zo ta duba gininsa. Wani ɗan tsuntsu ja wur, wanda muke kira mulufi, ya hau kan karan ciyawa ya kumbura wuya. Ƙaramin ya gano talibambam a wani ɗan kududdufi, ya kwanta rub da ciki yana ɗebo su a tafin hannu, ya ƙi yarda cewa su ne za su zama kwaɗi. Ya ce wayo nake masa.

Babbar tana zaune nesa da mu kaɗan tana goge taɓo daga takalminta da ganye. Can sai na ji ta ce a hankali, ba tare da ta nuna ba, "Wancan sandan yana da ido." Na bi kallonta. Zalɓe ne tsaye cikin ciyawar ruwa, ni da na yi ta cika baki ban gan shi ba. Muka kalle shi har ya sari wani abu a ruwa ya tashi da nauyinsa. Na yabi idonta, ta ɗaga kafaɗa ta ce sauro na cizonta. Duk da haka na koma mota da ɗan ƙarfin gwiwa.

A Gwarzo na tsaya sayen tsaraba, sukari da sabulu da ganyen shayi, a shagon wata mata 'yar kudancin Kaduna wadda ta ce ta yi shekaru tana koyarwa a garin kafin ta buɗe shago. Hausarta ta fi ta jikokina nesa ba kusa ba. Da ta ji inda za mu, ta ce in bar motar a Getso in hau babur, don hanyar ta lalace. Na gode mata na ƙi jin shawara, irin ta tsofaffi. Bayan Getso kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta zama kunu, gero ya rufe mu hagu da dama har ba ka ganin komai sai sama. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe. Wasu manoma da ke dawowa daga gona suka ajiye fartanyu suka tura mu, taya na watsa musu taɓo suna dariya, suka kuma ƙi karɓar ko na goro. Ƙaramin ya ce wannan ya fi komai daɗi a tafiyar.

Mun isa bayan azahar. Ƙanena na tsaye a ƙofar zaure da babbar riga, kamar mai jiran hakimi. Aka yi gaisuwa, ya hanya, ya iyali, ya ruwa, ya ƙarin haƙurinmu, ya mutanen birni, har yaran suka gaji da durƙuso. Sannan ya ce in biyo shi in ga abin da suka tanada, fuskarsa cike da murna.

A ƙarƙashin rumfar tsakar gida aka jera su. Ga bushiya an kife ta da kwando an ɗora dutse. Ga hawainiya an ɗaure ƙafarta da zare a jikin sanda, ta yi baƙi ƙirin ta buɗe baki. Ga kurciyoyi a kejin kara suna ta dukan kansu. Ga wani ƙaton damo an ɗaure shi a ƙugu da igiya a jikin turke, ya kwantar da kai a ƙasa. Ashe tun ranar da na buga waya ya watsa mutanen gida cikin gonaki da tarko da sanduna. Ya ce, "Yaya, na duba na ga yaran birni ne, ina za su iya da ciyawar damina, ga ƙaya ga macizai? Shi ya sa na ce a ɗauko musu dajin a kawo gida. Fakara ma mun samu, tana cikin tukunya."

Me zan ce? A wajenmu baƙo ba ya wahala. Ba a barinsa ya ɗebi ruwa ko ya nemi wani abu da ƙafarsa, abin da ya ambata shi ake kawo masa har inda yake zaune. Mutumin nan ya bar gonarsa a tsakiyar aiki don ya fita kunyata. Na yi godiya, na sa albarka, na kuma maimaita. Ƙaramin ya yi ta tsalle yana zagaya damon. Babbar ta tsaya a gaban hawainiyar ta daɗe, sannan ta juya ta fita.

Aka shigar da ƙaramin cikin gida wajen mata, ni kuma aka kai ni ɗakin baƙi, aka ajiye mini tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa da naman fakara a kwano mai murfi, aka ja ƙofa aka bar ni. Haka ake yi wa baƙo don ya sake ya ci ba kunya. Ɗakin nan a da nan mahaifina yake ajiye sirdin jakinsa da irin shuka, a nan aka sha yi mini bulala. Yau ga ni a cikinsa a kan sabuwar tabarma, ina jin hayaniyar gidan ta bayan bango, ana dariya ana kiran sunayen yaran da ban sani ba. Na ci loma kaɗan. Na saba cin abinci ni kaɗai a Kano, amma ban taɓa jin ɗacinsa kamar na wannan ranar ba.

Da na wanke hannu na zagaya sashenmu na dā, can ƙuryar gidan. Tun bayan rasuwar Inna, mahaifiyata, ba wanda ya zauna a ciki. Ɗakinta ya rufta, tafasa da ƙaiƙayi-koma-kan-masheƙiya sun cinye tsakar wurin, murhun ya zama tudun gara. Tsamiyar tana nan, ta ma ƙara girma. Na ɗaga kai na zagaya ta, na sake zagayawa. Babu shamuwa ko ɗaya. Sai wasu tsofaffin ƙirare da suka maƙale a wani reshe, ragowar sheƙar da ban san shekarunta ba. Na tsaya a wurin da hula a hannu, na rasa wanda zan gaya wa.

Na iske babbar a cikin mota ta rufe gilashi. Na shiga na zauna kusa da ita na ce, "Amarya, fushi ake yi da angon?" Ko murmushi. Ta ce, "Ka ce a gidansu za mu gan su. Waɗannan kama su aka yi. Kuma na ji an ce tsuntsu aka dafa." Na ce haka ne. Ta tambaya ina shamuwar, na ce ban same ta ba. Ta ce, "To gobe mu koma gida." Na ce to. Yayyafi ya fara sauka a kan gilashin, muka zauna muna kallonsa har aka kira la'asar.

Da gari ya waye, bayan an gaisa, na samu ƙanena na tambaye shi ko abubuwan nan da ya tara kyauta ya ba ni. Ya ce, "Haba Yaya, har da tambaya? Naka ne halak malak." Na ce to madalla, zan fita da kayana. Na kira yaran na ce su zo su taya ni mayar da kowa gidansa, amma da sharaɗi, su ne za su nemo inda ya dace da kowanne. Babbar ta dube ni, karo na farko tun jiya. Ita ta ɗauki sandan hawainiyar, ƙaramin ya rungumi kejin, ni na naɗe bushiyar a tsumma. Ƙanena ya biyo mu da damon yana jan igiya, yana cewa lallai birni ya gama da Yaya.

Kurciyoyin ba su ba mu wahala ba, ana buɗe kejin suka yi sama. Bushiyar ce ta koya musu haƙuri. Babbar ta zaɓi gindin wata geza mai duhu da tarin busassun ganye, muka ajiye ta a dunƙule muka ja da baya muka tsuguna. Ba ta motsa ba. Ƙafafuna suka fara sanyi, ƙaramin ya buɗe baki, yayarsa ta toshe masa da hannu. Can sai ƙwallon ƙayar ya ɗan saki, wani ɗan baƙin hanci ya leƙo yana shinshina, sai ido, sai 'yan ƙafafu, ta sulale cikin ganye kamar ba a taɓa yin ta ba. Ƙaramin ya saki numfashi da ƙarfi ya ce ashe tana da fuska.

Hawainiyar kuwa babbar ce ta kwance mata zaren da kanta, ta kai sandan jikin reshen wata sabara. Ta taka a hankali, gaba da baya, irin tafiyarta ta mai shawara, baƙin jikinta na washewa har ta koma kore. Na ce su rufe ido su buɗe su nemo ta. Ƙaramin ya kasa. Babbar ta samo ta, ta kuma samo wata ƙoƙi-ƙoƙi a reshen sama wadda ba mu muka kawo ta ba. Daga nan ba sai na ce su duba ba. Su suke ja na, ga buzuzu yana tura kashin shanu da baya, ga ƙadandoniya ta naɗe, ga kurege ya miƙe tsaye a bakin gonar gyaɗa yana kallonmu. Damon muka saki a ƙarshe kusa da wani tsohon suri. Ana kwance shi ya tsula da gudu ya faɗa rami. Na lura ƙanena ya karya wani reshe ya soke a gefen hanya daidai wurin, na yi kamar ban gani ba.

A hanyar dawowa ne babbar ta yi masa magana, ita da ko gaisuwar kirki ba ta yi masa ba. Ta ce, "Baba, me ya sa ba ku kamo shamuwar ba?" Ya tsaya cak. Ya ce, "Subhanallahi! 'Yar nan, wa yake taɓa shamuwa? Ai baƙuwa ce. Ko yaron da ya fi kowa ƙiriniya a garin nan ba zai ɗaga mata danƙo ba." Na ce to ina ta shiga, na duba tsamiya ban ga komai ba. Ya dube ni da mamaki, wai ashe ita nake nema ban faɗa ba. Ya ce shekarar da aka rufe sashen Inna tsuntsayen sun zo da ruwan farko kamar kullum, suka yi ta shawagi a kan tsamiyar, suka sauka suka tashi, daga baya suka koma wancan bakin garin. Ya ce, "Ba ta zama a kango, Yaya. Sai inda ake hura wuta ana daka, tana jin motsin mutane a ƙarƙashinta. In gida ya mutu, ko shekara nawa ta yi a cikinsa, ba za ta sauka ba."

Ya kai mu. Gidan wani manomi ne mai iyali da yawa, ban san shi ba, amma ya san mahaifina. Tun daga waje kake jin luguden taɓarya da kukan awaki da faɗan yara. A tsakiyar gidan akwai wata kuka, a kanta kuma ga su nan. Sheƙuna manya na ƙirare a kusan kowane reshe, iyaye tsaye a kai, baya baƙi ciki fari, dogayen ƙafafu, suna gyara gashi ba ruwansu da kowa. 'Ya'yan sun girma sun kusa kai iyayen, ɗaya ya tsaya a bakin sheƙa yana buɗe fukafukai yana tsalle yana komawa. Ƙasan kukar ya yi fari da kashinsu. Uwargidan ta fito tana yi mana sannu da zuwa tana ƙorafi, wai sun hana ta shanya komai a tsakar gidanta, jiya ma sun ɓata mata kuɓewa faifai guda. Na ce a kore su mana. Ta ce, "A'a Alhaji, Allah Ya kiyaye. Su da suka zaɓe mu?"

Aka kawo tabarma. Ban ce wa yaran su yi shiru ba, su suka yi da kansu. Ƙaramin ya jingina da gwiwata, kansa a sama, baki buɗe. Wata shamuwa ta dawo daga fadama ta sauko da ƙafafu a miƙe, ta sunkuya ta amayar wa 'ya'yanta abin da ta samo, ya ce ƙazama ce, amma bai ɗauke ido ba. Babbar ta tambaye ni inda suke zuwa in ruwa ya ɗauke. Na ce kudu, can nesa, sun wuce ƙasashe da yawa. Ta ce kuma su gane hanya su dawo? Na ce kowace shekara. Ni dai tsuntsayen ban kalle su sosai ba, na san su. Fuskokin yaran nake kallo, ina ƙoƙarin in riƙe su yadda suke a wannan safiyar. Na ji daɗi, amma daɗin bai cika ba, don ba a kan tsamiyarmu ba ne, kuma Hajiya, wadda zan koma in ba ta labari, ba ta nan.

Bayan azahar muka yi sallama. Ƙanena ya cika mana but ɗin mota da ɗanyar masara da gyaɗa da ƙwan zabi, ya raka mu har inda muka kafe jiya don ya tabbatar mun wuce. Ya ce in an sake zuwa a faɗa masa da wuri, zai sa a share ƙarƙashin kukar maimakon farauta. Ƙaramin ya yi ta ƙirga balbelu har Gwarzo, sannan barci ya ɗauke shi. Babbar ta sauke gilashi ta ɗora haɓa a kan hannunta tana kallon gonaki, wayarta na cikin jaka. Muka shigo Kano ana kiran magariba.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Yaro ba ya buƙatar dogon bayani, wuri yake so da wanda zai zauna kusa da shi ya yi shiru. Duk wanda yake da yara a birni, ya daure ya fitar da su a damina ko da bakin wata fadama ce, akwai abin kallo fiye da yadda muke zato. In kuma za ka buga wa 'yan'uwa na ƙauye waya, ka yi bayani dalla-dalla, don karamcinsu ba ya jiran ƙarin tambaya.

Na tsayar da mota a ƙofar gida na fita buɗe get. Gidan duhu, ba fitila ko ɗaya, ganyen darbejiya ya cika tsakar gida. Babbar ta fito ta tsaya kusa da ni tana kallon ciki. Ta ce, "Kaka, in ba mu, kai kaɗai kake kwana a nan?" Na ce ni kaɗai. Ta ce wa yake hura wuta? Na ce ba kowa, daga maƙwabta ake kawo mini abinci. Ta ce, "To ka riƙa hurawa. Kuma kada ka je ko'ina. In mun zo mun tarar ba kowa, ina za mu sauka?"

Na ce mata to. Sun tafi ranar da aka sa, na raka su filin jirgi na dawo. Yanzu kullum in na dawo daga masallaci da safe nakan share tsakar gida, in fito da kurfoti in hura gawayi a gindin darbejiya, ko da ba abin da zan ɗora sai ruwan shayin mutum ɗaya.